Babur Ba Shi Da Ciki: Nazarin Lamarin Wani Mahayi Da Ya Ratsa Ilinoyi Da Bindiga A Ƙugu

Lamarin da za a nazarta a nan misali ne da aka gina a kan dokokin Amurka kamar yadda suke a rubuce, shi ya sa mutumin da ke cikinsa ba shi da suna. Magidanci ne da ya haura shekara hamsin, mazaunin birnin Dayton a jihar Ohayo. Yana da lasisin ɗaukar ƙaramar bindiga a ɓoye, wanda ofishin shugaban 'yan sandan gundumarsa ya ba shi bayan ya yi horon awa 8, kuma bai taɓa shiga hannun hukuma ba. A watan Agusta ya ɗaure kayansa a kan babban baburinsa ya nufi Sturgis, wani ƙaramin gari a Dakota ta Kudu inda mahaya babura suke taruwa tun 1938, taron da a yanzu yakan tara dubban ɗaruruwan mutane. Tafiyar ta haura mil 1,000, kuma hanyar da ya zaɓa ita ce wadda duk mai duba taswira zai zaɓa: daga Ohayo ya shiga Indiyana, ya ratsa Ilinoyi ta babbar hanya mai lamba 74, ya tsallaka kogin Misisipi ya faɗa Ayowa, sannan ya yi arewa maso yamma har Dakota ta Kudu.

Jihohi huɗu daga cikin biyar ɗin nan ba su da wata matsala da bindigar da ke ƙugunsa. Dakota ta Kudu ta daina neman lasisi daga mai ɗaukar bindiga a ɓoye tun 2019, Ayowa ta bi sahu a 2021, Ohayo da Indiyana kuma a 2022. Ilinoyi ce kaɗai a tsakiya ta bambanta da su. Ita ce jiha ta ƙarshe a ƙasar da ta halatta ɗaukar bindiga a ɓoye, a 2013, kuma ba da son ranta ba, sai da kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta soke haramcinta a watan Disamba na 2012. Ba ta amincewa da lasisin kowace jiha, nata lasisin yana buƙatar horon awa 16, kuma 'yan jihohi ƙalilan ne kawai take ba wa damar nema daga waje, Ohayo ba ta cikinsu. Hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Bruen a watan Yuni na 2022, wanda ya tabbatar da cewa gyara na biyu na kundin tsarin mulki ya ƙunshi 'yancin fita da bindiga wajen gida, bai tilasta wa wata jiha karɓar takardar wata jiha ba.

Mutumin namu ya san duk wannan, kuma ba a cikin jahilci ya shiga Ilinoyi ba. Ya karanta cewa dokar 2013 ta bar wa baƙo ƙofa guda: wanda yake da lasisin jiharsu yana iya wucewa da bindiga mai harsashi matuƙar ta ci gaba da zama a cikin abin hawansa, idan kuma zai sauka ya bar abin hawan, sai ya kulle ta a cikinsa ko a cikin akwati mai makulli da ke cikinsa. Ya ɗauka cewa babur abin hawa ne kamar mota, don haka ya tsallaka iyaka da bindigar a cikin kube, a soke a bayan ƙugunsa, rigar fata ta rufe ta.

Abin da ya faru

Hanyar mai lamba 74 tana da tsawon kusan mil 220 a cikin Ilinoyi, wato kimanin kilomita 350, nisan da babura da yawa ba sa cinye shi da tanki ɗaya. Kafin ya kai Peoria mai ya yi ƙasa, ya ratse gidan mai, ya cika tanki, sannan ya shiga kantin da ke wurin ya sayi ruwa ya yi amfani da banɗaki. Bai cire bindigar ba. Dalilinsa, kamar yadda kowane mahayi zai fahimta, shi ne fili ne fetal ga motoci ga mutane, kuma zare bindiga daga ƙugu a gaban jama'a domin a sa ta a akwati ya fi kama da abin da zai sa a kira 'yan sanda fiye da shiga kanti da ita a ɓoye. Minti goma ya yi ya fito.

A kwanar da ke mayar da shi kan babbar hanya akwai tsakuwa da ta zube a gefen kwalta. Ƙafar baya ta zame, babur ya kwanta, shi kuma ya faɗi da baya ya sulale 'yan taku kaɗan. Ba gudu yake yi ba, hular kwano da rigar fata sun yi aikinsu, amma ƙarfen da ke bayan ƙugunsa ne ya fara haɗuwa da ƙasa, nauyin jikinsa duka ya sauka a kansa. Ya kasa tashi. Da ma'aikatan motar asibiti suka iso, tun kafin su taɓa rigarsa ya shaida musu cewa akwai bindiga mai harsashi a bayansa, ya kuma bar hannuwansa a fili inda kowa yake gani. Ɗan sandan da ya zo wurin ne ya zare ta, ya cire harsasan, ya duba lasisin Ohayo, ya tambaye shi daga ina yake, shi kuma ya faɗi gaskiya har da tsayawar da ya yi a gidan mai. Aka wuce da shi asibiti, aka ja babur, bindiga ta tafi ofishin 'yan sanda, rahoto kuma ya tafi teburin mai gabatar da ƙara na gundumar.

Lokuta uku a idon doka

Wanda zai auna matsayin wannan mutum dole ya raba zamansa a Ilinoyi gida uku, domin doka ba ta kallonsu da ido ɗaya.

Na farko shi ne lokacin da yake kan babur yana tafiya. A nan ne gaba ɗaya matsalar ta samo asali, domin kalmar da dokar ta rataya a kanta ita ce "ciki", kuma babur ba shi da ciki. Direban mota yana zaune ne a ɗaki mai ƙofofi da gilasai, duk abin da ke jikinsa yana cikin motar ba tare da gardama ba. Mahayi kuwa a kan abin hawansa yake, iska tana dukansa, wanda ke gefen hanya yana ganinsa tun daga kai har ƙafa. Lauyan da zai kare shi zai ce dokokin hanya sun lissafa babur a cikin ababen hawa, kuma ba zai yiwu majalisa ta yi nufin ba mai mota dama ta hana mai babur ba tare da ta faɗa ƙarara ba. Mai gabatar da ƙara zai amsa da cewa an yi sassaucin ne domin bindigar da ke cikin mota ta rabu da jama'a, ita kuwa wadda ke ƙugun mahayi zif ɗaya ne tsakaninta da titi. Duka hujjojin biyu suna da ƙafar tsayawa, kuma a ganina wannan kaɗai ya isa ya sa mai hankali ya guji jingina 'yancinsa a kan fassarar kalma guda, musamman da yake wurin da za a fara fassara ta gefen hanya ne, mai fassarar kuma ɗan sanda ne wanda ba lallai ya taɓa cin karo da tambayar ba.

Na biyu shi ne minti goman da ya yi a kanti, kuma a nan babu wata gardama. Ya bar abin hawansa, bindigar tana jikinsa da harsashi, ba shi da lasisin Ilinoyi. Ko da an yarda cewa babur yana da ciki, to ya fita daga cikin. Irin wannan a dokar jihar yana iya zama babban laifi mai hukuncin ɗaurin shekara 1 zuwa 3, kuma abin da ke biyo baya ya fi ɗaurin daɗewa, domin dokar tarayya ta 1968 ta haramta mallakar bindiga ga duk wanda aka samu da laifin da hukuncinsa zai iya wuce shekara ɗaya. Wato mutumin da ya fito da bindiga domin ya kare kansa yana iya komawa gida ba shi da ikon riƙe ko da harsashi ɗaya har abada, a Ohayo ma, ba a Ilinoyi kaɗai ba. Abin lura shi ne, da mota yake tuƙawa, da matsalar ba ta taso ba: zai zare bindigar yana zaune babu wanda ya gani, ya ajiye ta, ya kulle ƙofa ya fita. Sharaɗin da bai fi daƙiƙa biyar ba a wurin direba, a wurin mahayi ya zama zaɓi tsakanin nuna makami a bainar jama'a da karya doka a ɓoye.

Na uku shi ne lokacin da yake kwance a ƙasa. A zahiri bindigar ta bar abin hawan, amma ba da nufinsa ba, kuma da wuya a samu mai gabatar da ƙara da zai gina tuhuma a kan mutumin da hatsari ya jefar. Muhimmancin wannan lokaci a wani wuri yake. Asibiti yana cikin wuraren da dokar Ilinoyi ta haramta shiga da bindiga ko ga mai lasisin jihar, don haka babu yadda za a yi makamin ya bi shi, dole ya faɗa hannun hukuma, kuma da zarar ya faɗa, tambayoyi sun fara. Mai mota da ya yi ƙaramin hatsari sau da yawa yakan fito da ƙafarsa ya yi musayar takardun inshora ya wuce. Mahayi kuwa ƙaramin hatsari ma yakan kai shi hannun mutanen da aikinsu na farko shi ne buɗe masa riga.

Hanyar da ya bari

Akwai wata doka ta tarayya da aka yi domin irin wannan tafiya, wato sashe na 926A da ya zo cikin dokar kare masu bindiga ta 1986. Ta ce wanda ya taso daga wurin da aka halatta masa bindiga zuwa wani wurin da aka halatta masa, yana iya ratsa kowace jiha da ita, da sharaɗin babu harsashi a cikinta, kuma ita da harsasan ba sa inda hannu zai kai gare su cikin sauƙi. Idan abin hawan ba shi da but da ya rabu da mazaunin direba, sai a sa ta a akwati mai makulli, ban da aljihun gaban mota da akwatin da ke tsakanin kujeru. Ko a nan ma harshen dokar na mota ne, amma aƙalla ta ambaci abin da mahayi zai iya cikawa. Dokar Ilinoyi ita ma ta yarda baƙo ya wuce da bindigar da aka cire wa harsashi aka rufe a cikin akwatinta.

Da mutumin namu ya tsaya a Indiyana kafin iyaka, a wurin da babu idon jama'a, ya cire harsasan, ya kulle bindigar a ƙaramin akwati mai kwaɗo, ya sa akwatin a ɗaya daga cikin akwatunan gefe masu ƙarfi da makulli, da ya shiga kanti ya fito babu abin da ke jikinsa, da kuma ya faɗi a kan tsakuwar nan bayansa bai sami ƙarfe ba. Jakar fata mai maɗauri, irin wadda ake rataya wa babur kamar mangala, ba ta cika wannan sharaɗi ita kaɗai, domin ba ta kulluwa, wuƙa ma tana buɗe ta. Wannan kuma shi ne rauni na wannan hanya: duk lokacin da bindiga ta bar jikin mai ita ta koma kan babur da aka ajiye a fili, ta zama abin da ɓarawo zai iya tafiya da shi, wani lokaci har da babur ɗin.

Kariyar tarayya ma tana da iyaka. An yi ta ne domin mai wucewa, ba mai sauka ba. A 2010 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke hukunci a shari'ar Revell, wani matafiyi daga jihar Yuta da jirgi ya kuɓuce masa a Newark ta jihar New Jersey, ya kwana a otal da jakar da bindigarsa take ciki, cewa dokar ba ta kare shi ba domin a daren nan makamin yana inda hannunsa zai kai. Mahayin da gajiya ko ruwan sama ya tilasta wa kwana a hanya, abin da ya fi faruwa ga mai babur fiye da mai mota, yana iya samun kansa a irin wannan matsayi a jihohin da dokarsu ta fi tsanani. Haka nan dokar tarayya da ta hana bindiga a tazarar ƙafa 1,000 daga makaranta tana sassauta wa mai lasisin jihar da makarantar take ne kawai, ko kuma bindigar da babu harsashi a cikinta aka kulle ta, don haka baƙon da ya sauka daga babbar hanya ya shiga gari neman mai yana iya ratsa irin wannan yanki bai sani ba.

Jiki, kube da kwalta

Ko da an ajiye batun doka gefe, wurin da ya soke bindigar kuskure ne a kan babur. Masu tafiya a ƙasa wasu suna son bayan ƙugu domin riga tana rufe shi da kyau, amma mahayi yana sunkuyawa ne gaba, rigar tana ɗagawa daga baya, iska kuma tana ƙara ɗaga ta, sai ya zama na bayansa suna ganin abin da shi yake zaton a ɓoye yake. A jihohin da suka halatta fita da bindiga a fili wannan ba laifi ba ne, a wasu kuwa yana iya jawo kiran 'yan sanda. Mafi muni shi ne ƙarfe ne mai tauri a manne da ƙashin baya. Ba wai sauran wuraren ba su da nasu aibi ba: wadda ke gefen ƙugu tana iya murƙushe kwatangwalo idan aka faɗi ta gefe, wadda ke ƙarƙashin hammata ko a aljihun ƙirji tana kan haƙarƙari, wadda ke gaban ciki kuma tana tokarar mutum da tanki tsawon sa'o'i. Jakar da ake ɗorawa a kan tanki tana raba jiki da ƙarfen, amma idan aka yi hatsari sai mutum ya yi gabas bindigarsa ta yi yamma, ta faɗi a titi inda kowa zai iya ɗauka. Bindigogin zamani da yawa an ƙera su yadda faɗuwa ba ta tayar da su, saboda haka abin tsoro a hatsari ba tashin harsashi ba ne sosai, rauni ne da kuma ɓacewar makamin. Shi ya sa kuben da ya dace da babur shi ne mai tauri wanda ya rufe kunama gaba ɗaya kuma yake da abin riƙe bindigar, sannan a riƙa duba sukurorinsa, domin girgizar inji ta sa'o'i tana kwance su.

Akwai kuma tambayar da masu wannan ɗabi'a ba su cika son a yi musu ba, wato me bindigar za ta yi wa mutum yana kan tafiya. Hannun dama yana riƙe da totur da birkin gaba, na hagu yana kan kuloci, duka biyun suna cikin safar hannu mai kauri, rigar kuma a zage take har wuya. Wanda ya saki hannun dama ya saki gudu da mafi ƙarfin birkinsa lokaci guda. Idan wani direba ya matsa masa da gangan, makamin da ke hannun direban, wato motarsa, ya fi tan ɗaya nauyi, abin da ke ceton mahayi a nan shi ne ya ba da hanya ko ya bar wurin. Amfanin bindigar, idan tana da shi, yana zuwa ne bayan an sauka: a gidan mai cikin dare, a farfajiyar otal, a gefen hanya idan inji ya mutu. Waɗannan kuwa su ne daidai wuraren da sassaucin Ilinoyi bai kai ba. Wato dokar ta ba shi damar riƙe ta ne, idan ma ta ba shi, a lokacin da ba zai iya amfani da ita ba, ta kuma karɓe damar a lokacin da zai so ta. Sannan idan ana maganar abin da ya fi barazana ga rayuwarsa a wannan tafiya, alƙaluman hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka sun nuna mahaya babur 6,218 ne suka mutu a hanyoyin ƙasar a 2022, kuma idan aka auna da nisan tafiya, haɗarin mutuwarsu ya ninka na wanda ke cikin mota fiye da sau 20.

Abu ɗaya ya yi daidai, kuma ya cancanci a faɗa: ya yi magana da wuri kuma bai kai hannu ba. Dokar Ilinoyi, kamar ta Ohayo tun 2022, ta wajabta bayyana bindiga ne idan jami'i ya tambaya, amma jihohi irin su Mishigan da Karolina ta Arewa suna buƙatar mutum ya faɗa da kansa nan take. Faɗin ma ba ya isa idan hannu yana motsi. A ranar 6 ga Yuli, 2016, a Falcon Heights ta jihar Minesota, Philando Castile, wanda yake da lasisi, ya shaida wa ɗan sandan da ya tsayar da motarsa cewa yana da bindiga, kuma cikin 'yan daƙiƙoƙi aka harbe shi ya mutu, a shekara ta gaba kotu ta wanke jami'in. Mahayi yana da ƙarin cikas guda biyu a irin wannan tsayawa: hular kwano tana danne muryarsa, takardunsa kuma galibi suna cikin riga ko aljihun baya, dab da inda makamin yake. Kashe inji, ɗaga gilashin hula, barin hannuwa a kan babur, da neman izini kafin a taɓa zif, duk ba doka ce ta rubuta su ba, amma su ne suke hana jami'i yin zato.

Makomar mutumin namu tana hannun mai gabatar da ƙara, wanda zai ɗora lasisinsa da tsabtar tarihinsa da gaskiyar da ya faɗa a gefe ɗaya na ma'auni, minti goman kanti kuma a ɗaya gefen. Ko da an sallame shi, sai ya ɗauki lauya a jihar da ba tasa ba, ya bi layin neman a mayar masa da bindigarsa, Sturgis kuwa ta wuce shi a wannan shekara.

Idan ya warke ya ce baɗi sai ya je da bindigarsa a jiki ba tare da ya taka Ilinoyi ba, taswira ba za ta sauƙaƙa masa ba, domin jihar ta miƙe ne tun daga tafkin Mishigan har mahaɗar kogin Ohayo da Misisipi. Zai iya gangarawa Kentaki, wadda ta daina neman lasisi a 2019, da niyyar tsallakawa Misuri, wadda ta daina a 2017. Jihohin biyu suna maƙwabtaka, amma babu gadar mota da ta haɗa su kai tsaye. Gadojin da ke wannan kusurwa suna sauka ne a bakin garin Cairo na Ilinoyi, kuma ɗan gajeren titin da ke tsakanin gada da gada ƙasar Ilinoyi ce. Daga can, abin da ya rage masa shi ne ya ƙara yin kudu ya tsallaka ta gadar da ta haɗa Tenesi da Misuri kusa da Caruthersville, ko kuma ya tura baburinsa cikin jirgin fito da ke tashi daga garin Hickman na Kentaki ya tsallaka Misuri, a ranar da ruwan kogin ya bari jirgin ya yi aiki.